Nazarin lamari: yadda kuɗin intanet na sefa 15,000 ya kai 28,620 a wani gida a Garwa

Gidan yana unguwar Yelwa a Garwa, a arewacin Kamaru. Maigidan ɗan kasuwa ne mai shagon kayan masarufi a babbar kasuwa, mutum goma sha ɗaya ne a gidansa, kuma abu biyu yake biya duk wata: intanet na fiba da aka ja masa har falo, da talabijin na parabol mai dekoda. Kamfanonin biyu daban suke, kuma ba za a ambaci sunansu ba. An haɗa lamarin ne daga matsalolin da ake yawan cin karo da su a wannan harka, alƙaluman kuɗin kuma na misali ne domin lissafi ya fito fili, ba jadawalin farashin wani kamfani ba. Haraji da dokokin da za a ambata kuwa su ne na Kamaru na gaske.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a bi shi dalla-dalla shi ne babu wanda ya yi wa maigidan ƙarya tsagwaronta. Kowane adadi da aka faɗa masa yana nan a rubuce a wani wuri. Abin da ba a taɓa ba shi ba shi ne adadi guda cikakke: nawa zai fita daga aljihunsa duk wata, da haraji da komai, daga yaushe zuwa yaushe. A kasuwar da yake zaune kullum, mai saye ba ya cewa ya saya, mai kaya ba ya cewa ya sallama, sai an san kayan an san kuɗin, kuma malamai sun daɗe suna faɗin cewa jahiltar farashi yana ɓata ciniki. A nan sau biyu aka ƙulla ciniki ba tare da mai biya ya san kuɗin ba.

Shekarar farko

A watan Satumba, lokacin komawa makaranta, wani ɗan talla ya zo shago da takarda mai launi. A samanta an rubuta 15,000 a wata da manyan lambobi. Kuɗin jan waya da akwatin intanet 25,000 ne, sau ɗaya. Maigidan ya yi lissafinsa a ka: 25,000 da 15,000 sau goma sha biyu, 205,000 ke nan a shekara. Ya amince.

Kurakurai uku aka yi a wannan zaman, kuma kowannensu ya yi tsada daga baya.

Da yake a shago aka cika takardar, ɗan tallan ya sa sunan shagon da lambar haraji ta shagon, layin ya shiga jerin masu sana'a maimakon jerin gidaje. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Farashin da ake ba masu sana'a galibi ana rubuta shi da haruffa HT a gefe, wato kafin a ɗora haraji, domin kamfanin da ke cikin tsarin TVA, harajin da ake ɗora wa kaya da ayyuka, yana iya cire harajin da ya biya daga wanda zai kai wa gwamnati. Gida ba ya cire komai. Abin da ya shafi gida shi ne adadin da ke da TTC, wato da haraji a ciki. TVA a Kamaru 19.25 ne cikin ɗari. Duk 10,000 da aka rubuta HT, 11,925 za a biya.

Na biyu, 15,000 ɗin na watanni shida ne kawai. A shafi na biyu, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa daga wata na bakwai farashi zai koma 20,000 HT, tare da alƙawarin zama na wata goma sha biyu, abin da takardar ta kira engagement. Takardar da Faransanci take. Maigidan yana magana da Hausa da Fulatanci, yana karanta Larabci, Faransancinsa na ciniki ne, ba na karanta sharuɗɗa ba. Ɗan tallan bai karanta masa shafin ba, shi kuma bai nemi a karanta masa ba.

Na uku shi ne lambar waya. Babban ɗansa ne ya tsaya wa ma'aikata ranar da suka ja waya, sai aka sa lambarsa a matsayin lambar tuntuɓa. A watan Oktoba yaron ya koma jami'a a Ngaundere. Saƙon da kamfani ya aiko a Fabrairu cewa promo, wato rangwamen farashin, ta kusa ƙarewa, can ya sauka, cikin tarin saƙonnin talla da babu mai buɗe su.

A watan Maris faktir, wato takardar kuɗin wata, ta zo da 23,850. Maigidan ya aiki yaron shago ajans, wato ofishin kamfanin, aka ce masa promo ta ƙare. Da aka tambayi batun yanke layin, aka ce sai an biya sauran watanni shida, 143,100, ko ana amfani ko ba a yi. Ya haƙura ya ci gaba da biya.

Ga yadda shekarar ta tashi a zahiri. Jan waya 25,000. Watanni shida na promo 90,000. Watanni shida na cikakken farashi 143,100. Jimla 258,100. Idan aka raba gida goma sha biyu, kusan 21,500 ke nan a wata. Abin da ya ƙaru a kan lissafinsa 53,100 ne: 30,000 daga ƙarewar promo, 23,100 daga harajin da ba a faɗa masa ba. Wannan 21,500 ita ce lambar da ya kamata ya riƙe ranar da ɗan talla ya zo, ita ce za a gwada da ta wani kamfani ko da forfe, wato kunshin data, na modem ɗin 4G. Duk wanda zai sa hannu a irin wannan takarda ya yi wannan lissafin tukuna: a haɗa kuɗin shiga da dukkan watannin alƙawari da haraji, a raba da yawan watannin.

A yi wa kamfanin adalci a wuri ɗaya. Promo ita kanta ba cuta ba ce. Jan fiba daga turke zuwa gida yana cin waya, da akwati, da ladan ma'aikata biyu, kuma 25,000 ba lallai ta biya wannan ba. Shi ya sa kamfani yake son a zauna shekara guda ya mayar da kuɗinsa. Laifin yana wurin rubuta ƙaramin adadi da manyan lambobi a ɓoye babban a bayan takarda, da kuma biyan ɗan talla lada a kan yawan layin da ya buɗe, ba a kan ko wanda ya sa hannu ya fahimci abin da ya sa wa hannu ba.

Kwana tara na Afrilu

A Afrilu wata babbar mota ta tsinka wayar da ta taso daga turke zuwa gidan. Fitilar LOS ta akwatin ta koma ja, alamar hasken fiba ba ya isowa ke nan. An buga waya sau da dama, an yi wa wani ma'aikaci da aka sani magana ta WhatsApp, ba a zo ba sai bayan kwana tara. Faktir ɗin watan ta zo cif, 23,850.

Idan aka raba 23,850 da kwana talatin, kowace rana 795 ce, kwana tara 7,155. Wannan kuɗin ya tafi, saboda babu wanda ya karɓi lambar ƙorafi. A duk lokacin da aka kira sashen kula da masu hulɗa, ana buɗe tikiti mai lamba da kwanan wata da sa'a. Wannan lambar ita ce shaidar ranar da aikin ya tsaya. Magana da ma'aikaci a wayarsa ta kansa tana iya hanzarta gyara, amma ba ta shiga kundin kamfani, kuma sashen kuɗi kundi kawai ya sani.

Yana da kyau a bambance katsewa iri uku, domin ba duka ake neman diyya a kansu ba. Akwai katsewar wayar gida ko ta unguwa, irin wannan, wadda gyaranta a wuyan kamfani yake. Akwai ta babbar hanya: intanet ɗin arewa daga bakin teku yake tasowa, daga wayoyin ƙarƙashin ruwa da suka sauka a Duwala da Limbe da Kribi, ya bi ta Ngaundere da Garwa da Marwa har Kusiri, don haka tsinkewa ɗaya a hanya tana taɓa gari gaba ɗaya, kamar yadda lalacewar wayoyin teku ta ranar 14 ga Maris 2024 ta taɓa ƙasashe da yawa na yammaci da tsakiyar Afirka. Sannan akwai ɗaukewar wuta, wadda ta fi tsanani da bazara idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Wannan ba ta kamfanin intanet ba ce, amma ranakun abonma, wato lokacin da aka biya wa, suna ƙirguwa ko akwai wuta ko babu. Akwatin fiba ba ya cin wuta da yawa, wat 10 zuwa 15 ne, ƙaramin batir na volt 12 yana riƙe shi sa'o'i.

Sabuntawa

A nan ne kuɗi mafi yawa ya so ya zube.

Maigidan ya ɗauka cewa da Satumba ta zagayo alƙawari ya cika, ya zama mai 'yancin tafiya. A takardar kuwa akwai jimla guda mai ɗauke da kalmomin tacite reconduction: idan bai rubuta wa kamfani ba aƙalla kwana talatin kafin ranar cika, yarjejeniya ta sabunta kanta na wata goma sha biyu. Ranar da ya kamata ya yi magana ta wuce tun farkon Agusta. Babu saƙon da aka aiko don tuna masa, ko a lambar ɗan, ko a tasa. Shirunsa aka ɗauka a matsayin amincewa.

A ƙarshen Satumba aka kira shi daga kamfanin. Mai kiran ta yi masa godiya da zama da su, ta ce a matsayinsa na tsohon mai hulɗa za a ninka masa gudun intanet daga mega 10 zuwa mega 20 da ƙarin 4,000 kawai. Yara sun daɗe suna kukan bidiyo yana tsayawa a ɗakunan baya, sai ya ce to. Bai sa hannu a komai ba. Farkon Oktoba faktir ta zo da 28,620, domin 4,000 ɗin ma HT ce: 24,000 da harajin 4,620. Ƙarin gaskiya 4,770 ne a wata, shekara kuma ta tashi 343,440. A ƙasan faktir an rubuta sabuwar ranar cikar alƙawari, wadda aka fara ƙirgawa daga ranar kiran.

A wannan makon ne maƙwabcinsa ya ja sabon layi daga kamfanin guda a kan 15,000. Wanda ya biya shekara guda ba fashi yana biyan kusan ninkin wanda ya shigo jiya, kuma da sunan kyautata masa aka kai shi nan.

Abin takaicin, ƙarin gudun bai taɓa matsalar gidan ba. Da aka haɗa kwamfuta da akwatin ta waya aka auna, layin yana kawo kusan abin da aka saya. A ɗakunan baya, bayan bango uku na bulo, wayar hannu mega 2 take samu, kafin ƙarin da bayansa. Wi-Fi ne yake mutuwa a hanya. Maganinsa waya ce ta rezo, wadda ke ɗaukar har mita 100, da ƙaramin akwati na biyu a tsakar gida, kuɗin sau ɗaya ne. Bidiyo mai kyan hoto yana buƙatar kimanin mega 5, saboda haka mega 10 tana ɗaukar biyu a lokaci guda tare da WhatsApp na sauran mutanen gida. A kuma lura cewa megan da kamfani ke sayarwa megabit ne, wanda waya ke nunawa idan ana sauke abu megabayit ne, kuma takwas na farkon ne ke ba da ɗaya na biyun: layin mega 20 ba zai wuce 2.5 a daƙiƙa ba. Idan an ga jusqu'à a gaban adadi, iyakar sama ke nan, ba alƙawari ba, domin zaren fiba guda ana raba shi wa gidaje da dama, sau da yawa 32 ko 64, kuma da dare kowa yana kai. Kafin a karɓi tayin ƙarin gudu, a auna da kwamfutar da aka haɗa da akwati ta waya, sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan isha'i. Idan nan lafiya lau, matsalar ta cikin gida ce.

Talabijin

A ɓangaren talabijin babu yarjejeniya mai ɗaure mutum. Ana biya ne kafin a kalla, wata-wata, in ba a biya ba hoto ya ɗauke. Mutane suna ɗauka cewa irin wannan ba ya ɓoye komai, amma gidan ya yi asarar 26,000 a shekara ta ƙofofi uku da babu wanda ya lura da su.

Jerin tashoshin da suke ɗauka 10,000 ne. Yaron gida ake ba kuɗi da lambar dekoda ya kai wani kiyos a bakin titi. Mai kiyos yana karɓar 500 a kai, kuɗin aiki, ba rasit. Sau goma sha biyu, 6,000. Shi dillali yana da kamashonsa daga kamfani a kan kowane abonma da ya sabunta, don haka 500 ɗin ƙari ce a kan ƙari. Idan kuma sai an cire kuɗin daga waya kafin a kai masa, akwai kuɗin cirewa, da harajin 0.2 cikin ɗari da aka ɗora wa turawa da cire kuɗi ta waya tun Janairun 2022.

A lokacin hutu aka ƙara wasu tashoshin Turanci na 2,000 domin yara, na wata ɗaya. Daga nan duk lokacin da yaron ya je, mai kiyos yana danna sabunta kamar na baya, ƙarin yana biyowa. Da yaron ya ce kuɗi bai kai ba, aka ɗauka farashi ne ya tashi, aka cika masa. Wata bakwai aka yi a haka, 14,000. Saƙon tabbatarwa da ke jera abin da aka biya yana zuwa ne wayar da aka yi rajistar dekoda da ita, kuma wannan layin ya daɗe da ɓata.

Ƙofa ta uku ta fi wayo. Kamfanonin talabijin sukan ba wanda ya sabunta kafin abonmansa ya ƙare kyautar jerin da ya fi nasa na wasu kwanaki. Gidan ya samu ta kwana goma sha biyar, aka saba da tashoshin ƙwallo, kyautar ta ƙare ana tsakiyar wasannin zakarun Turai. Samarin gida suka matsa, aka je aka haura zuwa jerin 20,000, aka biya bambancin 10,000. Saura kwana goma sha biyu abonma ya ƙare, kuma ranar ƙarewa ba ta motsa ba. Bambancin kwana goma sha biyu cikin talatin 4,000 ne. An biya 6,000 na kwanakin da suka riga suka wuce. Kamfanoni sun bambanta a nan: wani yana karɓar bambancin wata cikakke, wani yana lissafa ragowar kwanaki. Tambayar da za a yi kafin a miƙa kuɗi ita ce: in na biya wannan, wace rana hoto zai ɗauke?

Wannan tambayar ta rana tana aiki a ko'ina. Abin da ake kira wata a bakin mai sayarwa yana iya zama kwana 30, yana iya zama daga ranar kaza zuwa ranar kaza ta wata mai zuwa, yana iya zama mako huɗu. Forfe na kwana 28 sau goma sha uku ake biyansa a shekara, ba goma sha biyu ba. Haka kuma idan an ga illimité, wato ba iyaka, a forfe na modem, a nemi sanin giga nawa ake ci kafin a rage gudu.

Abin da doka ta tanada, da yadda aka bi

'Yar maigidan da ke ajin ƙarshe na lise ce ta zauna da faktir ɗin Oktoba da tsohuwar yarjejeniya ta karanta masa su da Hausa, layi-layi. Ranar kwana goma ke nan da kiran waya, kuma wannan ya yi amfani ƙwarai.

Kamaru tana da dokar kare masu saye, lamba 2011/012 ta ranar 6 ga Mayu 2011. Ta wajabta wa mai sayarwa ya ba mai saye bayani na gaskiya, isasshe, bayyananne, kafin a ƙulla ciniki. Ta ce yarjejeniyar da kamfani ya riga ya tsara a rubuta ta da Faransanci da Ingilishi da haruffan da ido ke gani. Sashe na 7 kuma ya ba mai saye damar janyewa cikin kwana 14 idan mai sayarwa ne ko wakilinsa ya taso da cinikin. Kamfani ne ya kira, ba maigidan ba, don haka ƙarin gudun ya faɗa ƙarƙashin wannan sashe, saura kwana huɗu.

A nan akwai giɓin da ya shafi arewa kai tsaye. Doka ta gamsu da Faransanci da Ingilishi, alhali dubban masu biya a Garwa da Marwa da Kusiri ba da ɗayansu suke karatu ba. Kamfani yana iya cika sharaɗin doka, mai biya kuma bai san abin da ya ɗauka ba. Kamfanonin da ke yin tallarsu da Fulatanci da Hausa a gidajen rediyon gari suna iya faɗin farashin bayan promo da harsunan nan, in sun so.

Washegari aka kai wasiƙa ajans, kwafi biyu, da Faransanci, shafi ɗaya. An rubuta lambar yarjejeniya, ranar kiran, da buƙatu huɗu: a soke ƙarin gudun bisa sashe na 7, a mayar da layin jerin gidaje tunda a gida yake, a biya diyyar kwana tara, a canza lambar tuntuɓa zuwa ta maigidan. An haɗa hoton yarjejeniya, da takardar tallar da aka yi sa'a ba a yar ba, da faktir uku. Abu mafi muhimmanci shi ne an tsaya sai da sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a kwafi na biyu ta mayar. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimi, gobe ana iya cewa ba a gan ta ba, kwana 14 kuma ba sa jira.

Da kamfani ya yi shiru, mataki na gaba shi ne ART, hukumar da ke sa ido a harkar sadarwa, wadda za ta fara tambayar shaidar cewa an kai wa kamfani kuka tukuna. Hukumar tana da haƙora idan ta ga dama: bayan zanga-zangar Afrilun 2023, lokacin da 'yan Kamaru suka riƙa sa wayoyinsu a mode avion, wato su katse su daga rezo, daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana saboda tsada da rashin ingancin rezo, ta ci tarar kamfanonin waya sefa biliyan 6 a jimla. Batun farashi da rasit, irin na mai kiyos, na ofishin ma'aikatar kasuwanci ne na yanki. Dokar 2011 ta kuma tanadi kwamitin sasanta rikicin masu saye a matakin kowace gunduma. A wannan lamarin ba a kai ga ko ɗaya ba.

Sakamako

An soke ƙarin gudun, aka rubuta wa maigidan 4,770 a matsayin rarar da za a cire daga faktir mai zuwa. An mayar da layin jerin gidaje a kan 20,000 TTC, da sharaɗin ya cika shekarar da ta sabunta kanta. Lissafin wata goma sha biyu ya koma 240,000 maimakon 343,440, an tsira da 103,440. Diyyar kwana tara an ƙi ta, babu lambar tikiti. 53,100 na shekarar farko ma ba su dawo ba, domin sa hannun maigidan yana kan takardar. Neman a ba shi farashin sabbin shiga bai karɓu ba. A ɓangaren talabijin an cire ƙarin tashoshin, an sa lambar maigidan a rajistar dekoda, ana biya kai tsaye daga waya, inda saƙo ke dawowa da lambar ciniki da sunan jerin da ranar ƙarewa. Wata ya koma 10,000 daga 12,500.

Abin da ya ceci 103,440 ɗin shi ne an samu mai karatu a gida cikin kwana 14. Bai kamata kuɗin gida ya rataya a kan irin wannan dace ba, kuma wasu ƙasashe sun ɗora nauyin a kan kamfani. A Birtaniya, tun Fabrairun 2020 hukumar Ofcom ta wajabta wa kamfanonin intanet da talabijin da waya su sanar da mai hulɗa tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin yarjejeniyarsa ta cika, su faɗa masa abin da yake biya, da abin da zai koma biya, da tayinsu mafi kyau. Tun Janairun 2025 kuma duk ƙarin da za a yi a tsakiyar yarjejeniya sai an rubuta shi da adadin kuɗi tun ranar sa hannu. A Faransa dokar Chatel ta 2005 ta ce kamfani ya tuna wa mai hulɗa a rubuce kafin yarjejeniya ta sabunta kanta, in bai yi ba mutum yana iya fita ba tare da biyan komai ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kamfanin da ke iya aiko da saƙon talla sau uku a rana.

Akwai abu biyu da suka rage a buɗe a gidan na Yelwa. Jimlar tacite reconduction tana nan daram a yarjejeniyar, saboda haka idan maigidan yana son fita, ko yana son ya zauna ya yi cinikin sabon farashi da ƙarfinsa, wasiƙarsa mai hatimi sai ta isa ajans kafin ƙarshen Yuli mai zuwa. Na biyu, sauyin da aka yi zuwa 20,000 TTC da baki aka fara faɗinsa, faktir ta tabbatar da adadin amma ba ta faɗi har yaushe ba. An sake rubuta wa kamfanin a nemi takardar gyaran yarjejeniya mai ɗauke da adadin da haraji a ciki, da tsawon lokacinsa, da yawan kwanakin sanarwa kafin duk wani ƙari.